Inci Talatin da Uku

Litinin, 3 ga Maris
Allon tallan shagonmu ya iso. Mai walda ya yi aiki: ƙarfe baƙi, gilas fari, fitila a ciki, an rubuta ƊINKI DA GYARA ta fuska biyu. Tun da mai kemis na kusa da mu ya ja katangarsa gaba ya rufe mu, mutane wucewa suke yi, har tsoffin kwastomomi suna zaton mun tashi. Jiya riga ɗaya tak aka kawo, ita ma zip. Baba ya kalli allon ya ce, "Shekara talatin ina ɗinki ba fitila a kaina." Na ce shekara talatin ɗin ba kemis a gabanka.

Talata, 4 ga Maris
Wai sai da izinin ƙaramar hukuma kafin a kafa. Bangonmu, wutarmu, amma sai wani mai kujera ya yarda.

Alhamis, 6 ga Maris
Ofishin tsara gari, hawa na biyu, benci ɗaya mutum ashirin. Matar da ke tagar na sa mata suna Madam Dawo-Gobe. Fom shafi huɗu, hoton gaban shago, hoton allo, awonsa. Na karɓo littafin ƙa'idojinsu na karance shi tas a kan bencin. Na rantse su kansu ba su taɓa buɗe shi ba. Ni da tun aji huɗu aka cire ni daga makaranta, da tsoffin jaridun naɗe kaya na koyi sauran, yau ga ni ina nuna wa mai digiri sashe na bakwai.

Juma'a, 7 ga Maris
Na auna da tef ɗin Baba, na cike, na kai. Baba ya ce in bari ya duba. Me zai duba?

Laraba, 12 ga Maris
Sun ƙi. Allo kada ya leƙo daga bango fiye da inci talatin, namu talatin da uku. Inci uku! Motar kemis tana cinye rabin titi kullum, ba wanda ya auna ta.
Madam ta ɗaga hoton ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗana, je ka sake aunawa. Shekara sha tara ina kallon alluna, wannan bai yi min kama da talatin da uku ba."
Kaina ya yi zafi. Na ce wato ban iya karanta lamba ba ke nan? Na ce in wani abu take so a saka a cikin fayil ta faɗa a fili. Gaban mutane na faɗa, da ƙarfi. Ta rufe fayil ɗin a hankali ta ce, "Mai bi masa."
Kwana goma suka ba ni in gyara, in ba haka ba fayil ya mutu, sai bayan wata shida.

Alhamis, 13 ga Maris
Na rubuta wasiƙar ƙorafi shafi uku. Ta yi daɗi. Na karanta wa Yaya a waya, ta ce, "Lauya, allon ya kunnu?" Na kashe.

Asabar, 15 ga Maris
Mai walda ya ce in ya rage inci uku, gilas ɗin dole a yanka, harafin ƙarshe zai tafi, kuma ba ya rantsuwa ruwa ba zai shiga ba. To a yanka. Wata shida ba za mu kai ba a bayan katangar nan. Baba ya fara zancen mayar da keken ɗinki gida.

Litinin, 17 ga Maris
Ban san ta inda zan rubuta wannan ba.
Mai walda ya zo da injin yanka. Ya zaro tef ɗinsa na ƙarfe zai sa alama. Ya auna, ya sake aunawa. "Maigida, ina inci ukun da zan cire? Ashirin da tara ne fa."
Na ce ƙarya ne. Na fizgo tef ɗin Baba daga wuyansa na shimfiɗa. Talatin da uku. Sai Baba ya kama bakin tef ɗin ya kawo min dab da hanci. Daga huɗu ya fara. Almakashi ya cinye farkonsa tun shekara goma sha biyu da suka wuce, Baba ya naɗe bakin da zare ya ci gaba da aiki, duk awon da ya yi yana cire huɗu a ka. Bai taɓa ɓata wa kowa wando ba.
Na ce me ya sa bai gaya min ba? Ya ce, "Na ce ka kawo in duba."
Mai walda dariya har da zama a ƙasa. Mai kemis ma ya fito.

Talata, 18 ga Maris
Ban je ba.

Laraba, 19 ga Maris
Na kai ƙofar ofis na juyo. Saura kwana uku.

Alhamis, 20 ga Maris
Na je. Na bar mutum biyu suka wuce gabana, ba don komai ba, ina gyara takardu ne. Da na isa tagar na tura sabon fom ban ɗago ba. Ta duba lambar. Na jira ta rama, hakkinta ne, da ni ne da na rama. Ta ɗauki hatimi kawai.
Na ce, "Mama, maganar rannan..." Ta ce, "Wacce? Da yawa ka yi." Na ce duka. Da ƙarfi na faɗa, don bencin ya ji, tunda wancan ma ya ji.
Ta buga hatimin. Mai dubawa zai zo Litinin, daga nan mu kafa.
Ba wai na canza ra'ayi a kan ofishin ba, har yanzu benci ɗaya ne. Da yamma Baba yana yanka yadi, na tsaya a bayansa na fi minti ashirin. Ya ce me nake nema. Na ce ba komai, kallo nake. Ya matsa min gefe.