Ku Dawo wa Inna da Tulunta

Zuwa ga Shugaban Sashen Bincike na jami'ar da ta ari tulun mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Farfesa, ina gajiya, ina fama da jama'a?

Ni malamin firamare ne a Daudawa. Bayan ƙaramar Sallah ma'aikatanka biyu suka sauka gidanmu, suka sha ruwan tulun Inna, suka yi ta santi. Suka ce na'urarku ta MRI, wadda ake zura majiyyaci a ɗauki hoton cikinsa, yanzu har zafi da sanyin cikin abu take aunawa ba tare da an tsoma komai ba. Wai suna so su ga yadda sanyi ke kwanciya a cikin tulu, aron mako biyu kacal. Ni kuma sarkin son a sani, na lallashi Inna ta yarda. Yau wata huɗu ke nan.

Na ɗaya, tulun nan ba na kasuwa ba ne. Marigayiya yayarta ce ta gina shi da hannunta a garin Ruwan Godiya, kuma ya fi shekara ashirin yana shan turare da saiwar jema.

Na biyu, mun ga hoton da kuka aiko, shuɗi a ƙasa, ja-ja a sama. Inna ta juya shi ta sake juyawa, ta ce ita da kumatu take aunawa, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

Na uku, kular robar da kuka haɗo da ita, Inna ta ce ruwanta warin sabon takalmi yake yi. Yanzu kaza ke kwanci a ciki.

Na san za ka yi dariya, ni ma na yi da farko. Amma likita ya ce ƙodar Inna na son ruwa da yawa, ita kuwa tun da tulun ya tafi sai ta yini ba ta shanye moɗa ɗaya ba. Wallahi kunyar haɗa ido da ita nake ji.

Roƙona, Farfesa, alkawari kaya ne. A sa tulun cikin buhun ƙaiƙayi, a ba direban da ba ya gudu. In kuwa ya fashe, a gaya mini gaskiya, ni zan san bakin da zan faɗa mata. Allah ya ƙara basira, ya sa bincikenku ya amfani al'umma.

A hanzarta don Allah. Har yau kullum da safe sai Inna ta yayyafa ruwa a kan yashin da tulun ke zama.

Wassalam.

Naka,
Malam Lawal, ɗan mai tulu