Mijina Yana Gida, Amma Kewarsa Nake Yi

Gwaggo Iklima, don Allah ki taimaka mini, na rasa wanda zan faɗa wa damuwata bai yi mini dariya ba.

Maigidana makaɗin kukuma ne. Tun ina amarya yake yawo, daga Jega zuwa Aliero, ya faɗa ƙauyukan Maiyama, yana yi wa manoma waƙoƙin da shi ya tsara da kansa. Wani lokaci sai gero ya fid da kai ban sa shi a ido ba. Na yi kuka, na yi yaji, na roƙi Allah ya zaunar mini da shi. Amma fa ranar da zai dawo, tun daga bakin gari nake jin muryarsa. Kuma ni yake fara rera wa kowace sabuwar waƙa, ina tankaɗe yana tambayata inda ba ta zauna ba.

Bara ya yanke jiki ya faɗi a wurin biki a Kuberi, aka ce hawan jini ne. Ɗanmu na fari, wanda yake koyarwa a Islamiyya, ya ɗauke kukumar ya kai gidansa, ya ce yawo ya ƙare, lokacin hutu da istigfari ne. Yanzu maigidan kullum yana zaure, abinci sai an lallaɓa shi, ba ya magana, yatsunsa kawai suke motsi a kan gwiwa. Ga shi kusa da ni, amma wallahi ban taɓa kewarsa kamar yanzu ba. Manoman albasa na Aliero sun aiko suna son ya je musu bayan an cire albasa, ya ce in ce musu ya daina. In je in karɓo kukumar? Tsorona kada ya sake faɗuwa a ce ni na jawo.

Matar Makaɗi, Jandutsi

'Yar'uwa, ba abin dariya a maganarki. Ɗanku ya ga mahaifinsa a kwance, ya tsorata, kada ki ga laifinsa. Sai dai shirun nan ma ciwo ne, kuma yana cin mutum.

Ku koma asibiti tare da ɗan naku, ku tambayi likita abin da jikin maigidan zai iya ɗauka. Daga nan ki zaunar da yaron, ba da faɗa ba, ki gaya masa abin da kike gani a zaure. Ba ke za ki karɓo kukumar ba. Shi ya ɗauka, shi ya dace ya mayar wa mahaifinsa da hannunsa.

Doguwar tafiya kam wataƙila ta ƙare, ki shirya wa hakan. Amma mutanen Aliero suna da ƙafa, su zo Jandutsi su saurare shi a ƙofar gidansa. Kafin nan, ki daina ɓoye masa. Ki ce masa kina son jin muryarsa, ko da ba kiɗa. Ina zaton yana ganin kin samu abin da kika daɗe kina roƙo, shi ya sa ya yi shiru.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggo Iklima