Java Ba Ta Tsufa Ba, Waliyyu

Waliyyu ƙanena, gaisuwa daga Jamus. Ya jikin Inna? Ya albasar Sabiyal?

An hwaɗa mini ka ce Java da nake rubuta manhaja da ita ta tsufa. Wai Haskell taku ta jami'a ce ta iya salon da in ka ajiye lamba ba ka sake ta, kamar ɗinkakken buhu. Java ma tana yi, kai marar kunya, jan ƙafa kawai take. Ni wa ya koya mini Java, in ba ni kaina ba?

Lafiyata lau. Kamfaninmu dai ya koma Haskell ɗin, wai in iya kafin Sallah ko in tattara. Turo mini darussanka, ba roƙonka nake ba. In Inna ta ji, ni da kai ne.

Allah ya shirye ka.

Yayanka,
Arzika