Rabin Albashin Mai Rabin Wuni

Zuwa ga Mai Girma Dakta, mai asibitin haihuwar da nake wa aiki a Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, barka da warhaka. Ina gajiya, ya aiki, ya Hajiya da yara, ya masu jiki? Allah ya ƙara basira, ya sa hannunka ya ci gaba da zama sanadin sauka lafiya.

Ni ce Rabi mai yankar kati, wadda ke zama a tagar farko in an shigo asibiti. Ban ambaci sunanka ko na asibitin ba, don ban zo tozarta kowa ba, kuma ina son aikina. Abin da ya sa na rubuto a fili shi ne, sau biyu ina aiko maka da takarda ta hannun Manaja. Ni kuwa da na shekara uku ina jera fayil, na san bambancin takardar da aka ajiye da wadda aka binne.

Ga bayanina, daki-daki.

1. Aikina da albashina

A bakin Manaja, ni ma'aikaciyar rabin wuni ce: bakwai na safe zuwa sha biyu, Litinin zuwa Juma'a, naira dubu ashirin da huɗu a wata. Ranar Talata da Alhamis kuwa, ranakun awo, sha biyun tawa sai wajen ƙarfe biyu take bugawa. Ban taɓa ƙorafi ba. Maigidana faci yake yi a bakin titi, samunsa yana ga ƙusa: in ta huda taya mu ci mai kyau, in ba ta huda ba mu yi haƙuri. Daga albashin nan nake biyan kuɗin makarantar babbar ɗiyata, nake kuma sayen maganin hawan jini ina aika wa mahaifiyata ƙauye. Kuɗin kaɗan ne, amma kowace naira a cikinsa ta san inda za ta tun kafin ta shigo.

Bayan kati, ni ke tsayawa gaban mata ranar awo in maimaita masu bayanin Sista Hauwa, babbar nas, don ta ce muryata ta fi kaiwa bayan layi. Da bakina nake ce masu: ku huta in ciki ya tsufa, kada ku ɗauki nauyi, bayan haihuwa a ba jiki sati shida, a ba jariri nono zalla wata shida. Na faɗe shi har na haddace kamar Ƙulhuwallahu.

2. Ranar da na tambayi hutu

Da cikina ya kai wata bakwai na shiga ofishin Manaja, na gaishe shi har ƙasa, gwargwadon yadda cikin ya bari. Na ce na zo in ji tsarin hutun haihuwa.

Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malama Rabi, hutun mi?"

Na ce, "Na haihuwa, yallaɓai."

Ya ce, "Wannan ai na ma'aikatan dindindin ne. Ke in kin haihu ki je, Allah ya raya. An yi suna da kwana biyu ki dawo. Kwanakin da ba ki zo ba a cire, shi ke nan."

Na ce to mi ya bambanta ni da su? Ya ce ni rabin wuni nake yi. Na ce, "Yallaɓai, aikin ne na rabin wuni. Cikin nan kuwa na cikakken wuni ne, ko Asabar da Lahadi ba ya tashi." Akanta da ke gefe ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware da shayi. Manaja bai yi dariya ba.

Na fito na yarda da abin da ya faɗa, don a lokacin ban san komai ba. Na ɗauka hutu da albashi gata ne na masu farin kaya, wato likitoci da nas-nas, da masu aikin gwamnati.

3. Abin da na gano daga baya

Wata Alhamis, wata mai awo ta gan ni na rungumo fayil-fayil sun kai min haɓa, cikina a gaba. Ta ce, "'Yar'uwa, ke da ni wa zai riga wani? Yaushe za ki fara hutu?" Na ce irinmu ba mu da shi. Ashe lauya ce. Ta zaunar da ni a bencin masu jiran layi, ta buɗe wayarta ta karanto min dokar ƙwadago ta ƙasa, tana fassara min sannu a hankali. Na juya bayan wani tsohon kati na rubuta. Ga abin da na kama:

Mace na da damar barin aiki in ta kawo takardar likita cewa saura kamar sati shida ta haihu. Bayan ta haihu kuma ba a yarda a sa ta aiki ba sai sati shida sun cika. In ta yi wata shida ko fiye a jere tana wa mai aikin aiki, za a biya ta aƙalla rabin abin da da za ta samu a wannan lokacin. Ba a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. In ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a cikin lokacin aiki.

Na ce, "Barista, duba da kyau, ba a ce ban da masu rabin wuni ba?" Ta sake dubawa ta ce ita dai ba ta ga wannan ba.

Ranka ya daɗe, ni ba lauya ba ce, sakandare kawai na gama. In na fahimta a karkace, lauyan asibiti ya gyara min, zan karɓa. Amma abin da ya fi ba ni dariya takardar likitan nan ce. Wasu matan sai sun hau mota sun bi layi kafin su same ta. Ni likitan da zai sa hannu, tsakanin tagata da ƙofarsa taku goma ne.

Na koma wa Manaja da katin da na yi rubutu a kai. Ya karanta, ya juya shi, ya ce, "Wannan dokar mutanen Legas ce." Na ce ban san Katsina ta bar Najeriya ba, da an sanar a rediyo. Ya ce in rubuta takarda zai kai maka in ka dawo daga tafiya. Na rubuta. Wannan ce ta farko da aka binne.

4. Yadda na haihu

Tunda ba amsa, na ci gaba da zuwa. Wata Talata da hantsi, layi ya kai bakin ƙofa, ina cikin rubuta sunan wata baiwar Allah sai marata ta murɗa. Na dafe tebur na ce mata, "Sunan miji?" Ta ce, "Ke dai tashi, naƙuda kike!" Na ce ta bari in ida katinta.

Da hannuna na zaro fayil ɗina na miƙa wa Sista Hauwa. Ina kan gadon haihuwa ina salati, sai ga wata nas ta leƙo ta ce don Allah ina nake ajiye sababbin kati, layi ya rikice. Tsakanin nishi da nishi na ce, "Durowa ta uku, ƙarƙashin kwalin safar hannu." Ta sake dawowa tambayar makullin durowar. Yana ɗaure a bakin zanena.

Kafin azahar Allah ya sauke ni lafiya, ɗiya mace. Gaskiya nas-nas ɗinka sun riƙe ni riƙon 'yar'uwa, Allah ya saka masu. Kai ma da ka dawo ka aiko min da turmin atamfa da sabulai, ranar suna kuma ka tako har gidanmu. Maigidana har yau labarin yake ba abokan sana'arsa. A zaure, gaban mutane, ka ce a gaya min in huta sosai, kada in yi aikin wahala sai na cika sati shida.

Kwana biyu da wannan, ina tsaka da shan kunun kanwa, waya ta yi ƙara. Manaja ne. Bayan barka a gurguje ya ce, "Litinin muna ganinki ko? Don na ɗora 'yar ƙanwata a tagar, kuma hannunta ya fara faɗawa."

Ranka ya daɗe, likitana ya ce in huta, wurin aikina ya ce in dawo, kuma duk su biyun mutum ɗaya ne. Wanne zan bi?

Na bi likita. Amma ba zan ɓoye maka ba, ranar kunun bai shiga ba. Na zauna ina kallon jaririyar ina tunanin Inna da maganinta. Ƙarshen wata alat ɗin banki ya shigo, dubu takwas, kuɗin kwanakin da na yi kafin in haihu. Na sake rubuta takarda maigidana ya kai wa Manaja. Wannan ce ta biyu. Yau kwanana ashirin da shida da haihuwa, ba kira, ba saƙo, ban kuma san ko kujerata tana nan ba.

5. Abin da nake roƙo

Sati shidan kafin haihuwa na yafe, tunda na riga na cinye su a bakin taga. Na bayan haihuwa nake magana. Wata ɗaya da rabi, albashinsa dubu talatin da shida, rabinsa dubu goma sha takwas. Duk rigimar ke nan. Na san a wurinka bai kai man janareto na 'yan kwanaki ba. A wurina maganin Inna ne da abin da ya saura na kuɗin makaranta.

Ina roƙon a tabbatar min a rubuce cewa in sati shida sun cika zan koma tagata. 'Yar ƙanwar Manaja ba ta yi min laifi ba, ita ma nema take. In da hali a bar ta ta riƙa kama min ranar awo, aikin ya ishi mutum biyu.

Rabin awa sau biyu na shayarwa, tunda wunin nawa rabi ne, a ba ni sau ɗaya na gode. Ban dai yi shawara da jaririyar ba tukuna.

Na ƙarshe, shi ya fi damuna. A rubuta tsarin hutun haihuwa da Hausa a manna a bango, inda masu shara da masu wanki da masu dafa abinci za su gani, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Dalilina shi ne, akwai wata abokiyar aikinmu, ita ma ta rabin wuni, ba zan faɗi sunanta ko aikinta ba. Cikinta ya haura wata biyar. Tun da ta ga abin da ya same ni ta ɗinko hijabi har ƙasa, in Manaja zai wuce sai ta juya baya. A asibitinka take aiki, amma awo wani asibiti can Ƙofar Guga take zuwa da la'asar, ta biya kuɗin mota daga aljihunta, don kada a gane a sallame ta. Ranar da ta zo min barka ƙafafunta a kumbure suke. Na ce ta bari Sista Hauwa ta auna jininta, sai ta kama hannuna ta ce, "Rabi, rufa min asiri." A gidan da ake karɓar haihuwar matan gari, ranka ya daɗe, taka ma'aikaciyar tsoron a ga cikinta take yi. Na tabbata ba ka sani ba. Yanzu ka sani.

Allah ya ja da ranka, ya ƙara wa asibiti albarka, ya kare ka daga kuskuren hannu da na alƙalami. Allah ya sanyaya zuciyar Manaja, ya buɗe masa durowar da takarduna ke ciki. Masu ciki kuma, na sarari da na ɓoye, Allah ya sauke su lafiya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rabi mai kati,
daga ɗakin jego.