Sunan da Kika Ƙi Faɗa

Zuwa ga Muhibbat, sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata,

Wata goma sha ɗaya ke nan da aka mayar da ke Zariya, amma wallahi ba ki bar ɗakin nan namu na unguwar Lewisham ba. Mayafinki ruwan toka yana rataye a bayan ƙofa. Sai in ji takunki a matakala, in buɗe, babu kowa. Jiya a kasuwa na bi wata mai irin tafiyarki har tashar bas, kamar wanda aljanu suka shafa!

Kin tuna ranar da jami'in shige da fice mai tantance takardar zamanki ya tambaye ki sunan mijinki? Kika sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi, kika ce maigida. Ya sake tambaya, kika saci kallona, kika yi murmushi. Ni kuwa sakarai, daɗi ya kashe ni, ina ganin tarbiyya! Shi kuma ya rubuta cewa ba ki san sunana ba, auren na bogi ne.

Lauyarmu Jemima kullum kalmarta ɗaya: fact. Wai gaskiyar da ba ruwanta da abin da zuciya ke ji. Da ta ishe ni sai na bi diddiginta, na tarar daga Latin ta fito, factum, wato abin da aka aikata. Ashe tushenta aiki ne! To me ba mu aikata ba? Wa ya yi jinyata sati uku a asibitin Camberwell, yana hawa bas biyu da kunun gyaɗa a cikin filas? Wa ya yanke mini farce lokacin da hannuna ya ƙi ɗaguwa? Duk an yi, ba wanda ya rubuta. Shirunki na minti ɗaya kaɗai ya shiga takarda. Haushinsu nake ji, na kaina ya fi.

Ran Alhamis jami'an za su kira ki ta bidiyo su sake yi miki tambayoyi, kuma daga wannan babu wata dama. Na roƙe ki don Allah, farin watana, ki faɗi sunan. Na san nauyinsa, na san ko gaban mahaifiyarki ba ki taɓa furta shi ba. Na ɗauke miki kunyar nan. Ki ɗaga kai ki faɗa da ƙarfi. Ni ma ban taɓa jin sa a bakinki ba, kuma ina tsoron in mutu ban ji ba.

Naki ne ni har ranar da ƙasa za ta rufe idona. Ga shi nan a rubuce, ki fara gwada shi ke kaɗai,

Abdul-Basit