Shuɗin Fenti da Shanun Kawuna

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma na zagi kaina ya ishe ni.

Ni ɗalibin kwamfuta ne a Parakou. Aikin kammala karatuna manhaja ce da ke duban hoton saniya ta faɗi ko tana da ciwon baki da kofato. Akwai wata babbar manhaja da ta koyi gani da kanta daga tarin hotuna, ba wanda ya ce mata ga saniya ga akuya. To ta fi ƙarfin waya, sai na sa wata ƙarama ta riƙa kwaikwayonta har ta kwashe abin da ta sani, na ƙarasa koya mata da hotunan da na ɗauka a kasuwar shanu. A kasuwar nan, duk saniyar da likitan dabbobi ya ga lafiyarta ƙalau, shuɗin fenti ake shafa mata a baya. Ashe 'yar banzar nan fentin ta haddace, ba ciwon ba! Na gano haka, na yi gum, don malamina ya riga ya yabe ni gaban mutane. Wa zai tashi ya ce aikinsa shirme ne?

Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, fataucin shanu yake a Djougou. Don in burge shi na sa masa ita a waya. Sam na manta shi ma shuɗi yake shafa wa duk dabbar da ya saya. Ya sayo wani sa yana dalalar da miyau, ya shafa, ya ɗauki hoto, waya ta ce lafiya lau. Ya kai shi garkensa a Onklou, wurin Jauro, Bafillacen da ke masa kiwo tun ina yaro. Yanzu maruƙa na ɗingishi, biyu sun mutu.

Jiya ya kira ni. "Ɗana, abin da ka sa min a portabul, wayar nan tawa, ba ya ƙarya. Sakacin Jauro ne. Ran kasuwa zan ƙwace shanuna a gaban jama'a."

Na ce, "Kawu, a dai yi bincike." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Wallahi kunya kamar in nutse.

In na faɗa, karatuna ya rushe, kawu kuma ba zai sake kallona da idon da ba. In na yi shiru, dattijon da ya sha ɗora ni a wuyansa zai rasa kiwo da mutunci kan laifina. Kasuwa jibi ce. Me zan yi?