Agogon Baƙin Mai

Litinin, 21 ga Fabrairu, 2000

Shekarata tara ke nan a garejin Malam Isah. Yau ma ya ce bayan Babbar Sallah zai yaye ni, a yi addu'a, ya ba ni akwatin sufana. Bara ma haka ya ce. Na ce to. Baban Safiyatu kuma ya ce ba zancen aure sai na tsaya da ƙafata.

Laraba, 23

Arzika direba ya kawo Fijonsa mai lodin Dutse zuwa Jahun. Maigida ya sa mata kafireto mai baki biyu, ya kai karanshaf, sandar da ke juyawa a cikin inji, Kano an goge, wai ta riƙa yin sawu huɗu a rana. Gudu kam tana yi. Amma jar fitilar baƙin mai ba ta kamawa. Na duba, ashe babu ƙwan. Arzika ya ce, "Na cire, ɗan'uwa. Ƙiftawarta tana tayar wa fasinja hankali." Duk direbobin tasha haka suke yi.

Asabar, 26

Na samo agogon iska na tsohuwar kwampiresa wurin mai faci. Siririn bututun jan ƙarfe kuwa daga mataccen firji. Idan na haɗa shi da ramin da wayar fitilar take, allura za ta nuna ƙarfin da mai yake zagaya inji. Ban san lissafin ba, amma na san ya kamata ta tashi.

Mai walda ya gasa mini bakin sau uku. Biyu sun yi yoyo, har a ido.

Talata, 29

Na fara gwada shi a wata mota mai lafiya, don in san inda allura ke zama. Tana tsayawa wajen huɗu, in inji ya yi zafi ta sauko kaɗan. Na aro jan farcen Safiyatu na ja layi a ƙasa. Ta ce, "Wato agogo ya riga ni shan kwalliya." Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini.

Alhamis, 2 ga Maris

Na ɗaura a motar Arzika. Da sanyi lafiya lau. Muka je Kiyawa muka dawo, allura ta kwanta ƙasan jan layi kamar ta mutu.

Na san abin. Metal ɗin da maigida ya sa wa karanshaf, zobban ƙarfen da yake juyawa a ciki, sun yi masa yawa, mai yana zurarewa ta gefe. Ina tsaye ya sa su. Na gani, na yi shiru, don yaro ba ya gyara wa maigidansa aiki.

Na bari Arzika ya tafi salla, na faɗa wa maigida a hankali. Bai ko ɗago ba. "Agogon mai faci ne zai koya mini aiki? Zuba mata mai kauri, ka cire wannan tarkacen." Sai ya ƙara, "Sallah saura sati biyu, Muntaka. Ka kula."

Na gane.

Juma'a, 3

Na zuba mai kaurin. Agogon kuma na kwance shi daga gaba, na mayar ƙasan sitiyari inda sai direba ke gani. Ya ce in cire, na cire daga inda yake. Allah Ya yafe mini.

Na ce wa Arzika in ta taɓa ja ya tsaya, ko da a tsakiyar daji ne. Mutum goma yake ɗauka, ban da yara a cinya. In inji ya ƙame ana wannan gudun...

Asabar, 11

Jira.

Talata, 14

Ta taɓa ja bayan Kiyawa, mota cike da masu tafiya gida Sallah. Ya tsaya. Fasinja suka yi ta zaginsa, wai mota tana tafiya lafiya ya kashe ta. Aka jawo ta da igiya. Da aka buɗe, metal sun fara narkewa.

A gaban kowa Arzika ya ce, "Wallahi agogon Muntaka ne ya cece mu!" Ina ma ya yi shiru. Maigida ya leƙa ƙasan sitiyari, ya daɗe a sunkuye. Ya miƙe ya wuce abinsa. Da ma zagina ya yi.

Lahadi, 19

Sallah ta wuce. Ba addu'a, ba akwati. Ya ce sai bayan damina. Na ce to.

Laraba, 22

Direba uku sun tare ni a tasha, kowa yana son agogo. Na ce ni yaron wani ne, sai da izini.

Akwai wata bishiyar darbejiya a hanyar Kiyawa, gab da inda motoci ke rage gudu. Inuwarta za ta ɗauki mota biyu. Ban ce zan tafi ba. Na dai share gindinta da zan wuce, jiya da yau. Kuma na ce wa mai faci kada ya ƙara jefar da tsohon agogo.